Hannun Inna a Gefen Hoton Randa

Gwaggo Luba, assalamu alaikum. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, na yi wa 'yata ƙarya kuma na rasa yadda zan warware ta. In kin ga ina shiga nan ina fita can ki yi haƙuri, haka kaina yake kwanakin nan.

Ni ma'aikacin gwamnati ne a Dutse, muna zaune a Limawa, amma asalina mutumin Buji ne, ɗan gidan malamai. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, yayana ne yake riƙe da makarantar gidan yanzu. 'Ya'yana uku, ta tsakiyar ce dalilin wannan wasiƙa. Sunan mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa muke ce mata Ummi. Shekararta takwas, ba ta magana. Ba kurma ba ce, tana ji sarai, ko leda aka taɓa a wani ɗakin sai ta waiwayo. Likitoci sun ce otizim ne, abin da wasu ke kira galahanga, sannan fahimtarta tana tafiya a hankali. Kafin mu kai ga likita ba abin da ba a ce mana ba. Wannan ya ce iska ne, wancan ya ce sammu ne, har da wadda ta ce laifin maiɗakina ne da take fita da tsakar rana lokacin tana da ciki. Kowa likita ne a kan ɗan wani, wallahi abin har haushi yake ba ni.

Shekarun farko mun sha wahala. Ummi za ta fasa ihu, ta riƙa buga kanta da bango, mu kuwa sai lalube. A kawo ruwa, ba shi ba ne. A kawo abinci, ba shi ba ne. Sai can a gano ashe ƙaya ce a takalminta.

Shekara biyu da suka wuce Allah Ya haɗa mu da Malama Radiyya, mai koyar da yara irin su Ummi. Ita ta nuna mana hanyar katuna. Kowane abu da hotonsa a kan kati kamar girman tafin hannu, an manne shi cikin leda don kada ya jiƙe. In yarinya tana son abu, sai ta ɗauko katinsa ta miƙa maka, kai kuma ka ba ta nan take, kana faɗin sunan abin. Malama ta ja mana kunne cewa kati alkawari ne, da shi yarinya za ta gane cewa in ta faɗa ana ji. Katunan farko da aka ba mu na wata ƙasa ne, kofin gilashi da yankakken burodi da wani gado mai labule. Ummi ta lasa ta jefar. Sai Malama ta ce in ɗauki hoton kayanmu na gida da wayata, in kai a wanke. Na ɗauki kwanonta da tuwo a ciki, takalminta, buta, ƙosai, tsohuwar motata. Ranar da ta fara miƙa wa mahaifiyarta katin ƙosai da kanta, ina ofis aka bugo mini, na shiga banɗaki na yi kukana na fito.

Hoton ruwa kuwa a Buji na ɗauke shi, don duk Asabar can muke yini. Inna, mahaifiyata, tana da wata randa a gindin darbejiyar tsakar gida, an kafa ta cikin yashi, an rufe da faifai. Ruwanta sanyi ƙalau, da ƙanshin ƙasa. Na durƙusa na ɗauki randar, ta zama katin ruwa, kuma fiye da shekara guda da shi Ummi take neman ruwa.

Bari in gaya miki wacece Inna. Tsohuwa ce mai tsokana. Da ta fara ganin katunan sai ta kama haɓa, wai ɗan malam guda ya shigo da karta gidan ubansa. Ba a yi wata biyu ba ta fi kowa iya su, har ɗaure su take yi a bakin zaninta. Ba ta taɓa cewa Ummi marar lafiya ce ba, ƙawata take ce mata. Za su zauna a tabarma tun hantsi, Inna tana ɓarar gyaɗa, Ummi tana jera ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen tabarma, inuwar darbejiya tana yawo a jikinsu, ba mai ce wa wani uffan. Ni da nake kallonsu daga gefe sai in ga kamar hira suke yi wadda mu ba a gayyace mu ba. Abu guda ne Inna ba ta yarda da shi ba, a ɗauke ta hoto. Tarbiyyar gidan ke nan. Da ka ɗaga waya za ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba mu da hotonta sai na katin zaɓe, shi ma ya dusashe, ko ni ba na gane ta a ciki.

Wata huɗu ke nan Inna ta rasu. Ranar Talata da hantsi, kafin la'asar an kai ta. Mun bar Ummi a Dutse wurin maƙwabciyarmu, saboda taro da hayaniya suna firgita ta. Haka aka yi bakwai, aka yi arba'in, ba ta taka Buji ba. Zuwan Asabar ma ya tsaya. Gaskiyar magana, ni ne na kasa. In na je gaishe da Yaya a zaure nake tsayawa, ƙafata ba ta iya shiga tsakar gidan nan.

Bayan 'yan makonni Ummi ta fara miƙo katin ruwa ba ƙaƙƙautawa. A ba ta ruwa ta zubar. Ta sake miƙowa, a sake ba ta, ta sake zubarwa. Sau ashirin a yini. Muka ce ko maƙogwaro ne, muka kai ta asibiti, aka ce lafiyarta lau. Muka ce ko ruwan randa take so, na sayo sabuwar randa. Har jarka na aika aka ciko daga rijiyar Buji. Duk ta zubar. Rannan na dawo daga aiki a gajiye, ta tare ni da katin, na daka mata tsawa, Allah Ya yafe mini. Ba ta yi kuka ba. Sai ta kama ɗan yatsana, ta ja shi ta ɗora a gefen hoton, ta danna da ƙarfi.

Gwaggo, hannun Inna ne. Can a kusurwa, ɗan ƙarami, ta miƙo shi za ta ɗauke faifan daidai lokacin da na ɗauki hoton. Ga lallen a yatsunta, ga zoben azurfarta. Ni na ɗauki hoton, ni na kai aka wanke, na riƙe katin nan sau ɗari nawa, ban taɓa gani ba. Ita da ake cewa ba ta fahimta, ita ta gani.

A nan na tafka kuskuren. Tana kallon bakina tana jira. Kin san yadda muke yi wa yara in an yi rasuwa, a ce musu an tafi unguwa, ko an yi tafiya. Haka aka ce mini da mahaifinmu ya rasu. To sai na lalubo katin mota na ajiye kusa da na randa, ina nufin Inna ta yi tafiya. Na manta abin da katin mota yake nufi a wurin Ummi. Kullum da safe in zan fita, mahaifiyarta tana nuna mata shi don kada ta yi kuka, kuma ta riga ta koya cewa wanda aka haɗa da mota yana dawowa da la'asar. Sai na ga fuskarta ta washe. Ta kwashi katunan biyu ta nufi ƙofar gida.

Yau kwana arba'in da uku ke nan. Da an kira la'asar za ta sa takalmi, ta zauna a dakali, kati ɗaya a kowane hannu. Duk Adaidaita Sahun da ta shigo layinmu sai ta miƙe, in ta wuce ta koma ta zauna. Ba ta tashi sai an kira magariba. Ni nake zama da ita, wai don in tsare ta.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Ina son zaman nan. Rana tana sauka a kan duwatsun bayan gari, su yi ja, su koma ruwan toka. Ganyen dabino yana kaɗawa, shirwa tana shawagi can sama, Ummi ta jingina da kafaɗata, abin da a da ba ta yi. Sai in ji hankalina ya tafi. In ga wata Adaidaita ta tsaya, Inna ta sauko da ƙafar dama tana salati, da ƙullin kuka da daddawa a ka, tana yi wa direban faɗa ya cika gudu. In ji ƙanshin man kaɗen da take shafawa. Har abin da zan ce mata na tanada, zan ce Inna kin daɗe. A wannan ɗan lokacin, tsakanin la'asar da magariba, ba na jin maraici. Mutum mai shekara arba'in da huɗu, wanda ya sa ta a kabari da hannunsa, yana zaune a dakali yana jiran mota.

Amma abin ya fara ɓaci. Ummi ta rame. Ta daina taɓa sauran katunan, ko na ƙosai ba ta kallo, ihu da buga kai sun dawo. Kamar ta fara ganin katunan ma ƙarya suke yi. Ranar Lahadi wata tsohuwa mai farin mayafi ta sauka a bakin titi, kafin in ankara Ummi ta zabura da gudu, saura ƙiris mai babur ya kwashe ta. Da ta isa ta kama hannun matar, ta juya shi, ta duba yatsun, ta sake shi.

Maiɗakina ta ce ya isa haka. Ra'ayinta a ɗauke katin randa a ɓoye, a rufe ƙofa da la'asar, yarinya ta yi kukanta na sati guda ta manta. Ta ce gara kuka da gawa. Mun yi cacar baki irin wadda ba mu taɓa yi ba, na faɗa mata magana mai zafi, alhali ita ce take yini da yarinyar. Ni kuma in na tuna yadda Ummi ta danna yatsana a hoton nan, sai in ji ɓoye katin daidai yake da toshe mata baki. Malama Radiyya ban gaya mata ba, kunya ta hana ni.

Gwaggo, yaya ake nuna mutuwa a hoto? In ɓoye katin, ko in bar ta tana jira? Ina tsoron ranar da za ta zubar da katunan gaba ɗaya, mu koma lalube cikin duhu kamar da.

Naki,
Baban Ummi, Limawa

*

Baban Ummi, wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa ta huta, Ya ba ku haƙurin rashinta. Na karanta wasiƙarka sau biyu, na biyun sai da na cire tabarau na goge.

Ka fara da sauke wa kanka rabin kayan. Abin da ka yi shi ne abin da aka yi maka kana yaro, kuma shi kusan kowannenmu zai yi. Sauran yara suna jin an ce an tafi unguwa, su ga zaman makoki, su ji tsegumin manya, a hankali su haɗa gaskiya da kansu. Ummi ba ta da wannan hanyar. Abin da kati ya ce shi ne magana, ba ta san ana faɗar abu ana nufin wani ba. Kuskure ne, amma mai gyaruwa ne, in ba a ƙara masa kwanaki ba.

Maiɗakinka tana da gaskiya babba. Zaman dakalin nan dole ya ƙare, kuma yarinyar da ta taɓa zabura kan titi za ta sake. Daga yau a sa wa ƙofa sakata ta sama wadda hannunta ba ya kaiwa. Ka kuma je ka ba matar nan haƙuri, tsoro ne ya sa ta faɗi abin da ta faɗa, tsoron uwa. Inda ban bi ta ba shi ne ɓoye katin. Yarinyar da ta hango hannu a kusurwar hoto ba mai mantuwa cikin sati guda ba ce. In katin ya ɓace, darasin da za ta ɗauka shi ne duk abin da ta faɗa da ƙarfi ana ƙwace shi. Ka lura da abin da ya faru: shekara biyu tana neman ƙosai da ruwa da takalmi, wannan ne karo na farko da ta yi maganar mutum. Ta ɗauki katin ruwa ta mayar da shi sunan kakarta, ba wanda ya koya mata. Ba a hukunta yaro a kan magana irin wannan.

Kai ma kana da gaskiya da ka ƙi a ɓoye, amma ka yi shiru ka zauna a kai kwana arba'in da uku, kuma ka faɗi dalili da bakinka. Ba zan yi maka faɗa ba, maraici ba ya duba shekaru. Sai dai Ummi ce take biyan kuɗin wannan zaman da jikinta.

Ni ba likita ba ce, ba kuma malamar irin waɗannan yara ba. Don haka cikin satin nan ka ajiye kunya ka je wurin Malama Radiyya, ku tafi tare da maiɗakinka, ka gaya mata komai. Ta san Ummi fiye da ni, ita za ta tsara muku matakan. Ramar da ka ambata kuwa, a koma da ita asibiti a duba. Abin da zan faɗa yanzu shawara ce da za ka kai wa Malama ta auna.

Ku raba katunan da suka cakuɗe. A yi wa ruwa sabon kati, hoton randar gidanku ta Limawa ko kofin da take sha da shi. Tsohon katin ya zama na Inna ita kaɗai, kuma kada a sake ajiye shi kusa da na mota. Sauran katunan ku dawo musu da mutuncinsu: duk wanda ta taɓa, ko da kuskure ne, a cika mata nan take, har ta sake yarda cewa kati ba ya ƙarya.

Sannan ku kai ta Buji. Ranar Asabar, kamar yadda ta saba. Ka sanar da yayanka tun da wuri a rage jama'a a gidan. Ku bar ta ta shiga ɗakin Inna, ta ɗaga labule, ta leƙa bayan ƙofa, ta duba madafa, kada kowa ya riƙe ta ko ya hanzarta ta. Kai da ka ce tana ji sarai, to ka durƙusa ka gaya mata da baki, gajere kuma a fili, cewa Inna ta rasu, ba za ta dawo ba. Kada ka ce barci take yi, kada ka ce tana asibiti, kada ka ce ta tafi ko'ina. Kalmomin da ka zaɓa ranar, su za ku riƙa maimaitawa kai da mahaifiyarta duk lokacin da ta tambaya, ba ragi ba ƙari. Batun kai ta ta ga kabari kuwa, malami yana gidanku, ka tambayi yayanka abin da ya dace.

Ka tambaye ni yadda ake nuna mutuwa a hoto. Ban san hoton mutuwa ba, amma na san abin da 'yarka ta iya gani. Ka durƙusa a inda ka durƙusa wancan karon, ka ɗauki randar nan a gindin darbejiya, da faifanta a rufe, ba hannun kowa. Ka wanke shi daidai girman tsohon, ka ajiye mata su gefe da gefe. Wadda ta ga hannun da kai ba ka gani ba, za ta ga babu shi.

Za ta yi kuka, wataƙila ta yi kwanaki tana fushi da ku. Za ta kuma sake miƙo katin Inna, gobe da jibi da watan gobe, don ba tambaya kaɗai take yi da shi ba, kewa take faɗa. Kada ta miƙo a bar ta hannu wofi. Ku roƙi mayafin Inna guda ɗaya wanda ba a wanke ba, ko faifan randar. In ta kawo katin, a faɗa mata kalmomin nan, a ba ta mayafin, a zauna kusa da ita a yi wa Inna addu'a tana ji. Lokacin la'asar ɗin da ya saba zama na jira, ku shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ka kawo gyaɗa, kana ɓarewa tana jerawa. In hawaye ya zo maka kada ka gudu banɗaki, ka bar ta ta gani. Wata rana ma kai ka ɗauki katin ka miƙa mata, ta san ba ita kaɗai ba ce.

Abu na ƙarshe, ɗana. Kada ka aika wani ya ɗauko maka hoton randar nan, kada ka ce Yaya ya turo ta waya. Kai za ka ɗauka, kuma ba a hango gindin darbejiya daga zaure. Ka kama hannun Ummi ku shiga tare. Ta fi ka sanin hanya.

Allah Ya raya Ummi, Ya buɗe mata ƙofofin fahimta, Ya daidaita tsakaninka da maiɗakinka, Ya kai haske kabarin Inna.

Gwaggo Luba